Malam Ba Mutumin Falo Ba Ne

Lokacin sanyi ne, irin sanyin Alƙahira da ba ya zuwa da iska, daga ƙasan tayil yake tasowa ya kama mutum a idon sawu. Shekarar nan duk a takure na ji ta. Neman magani ya kawo mu, bayan ɓarin jikin Malam maigidana ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta koma masa ɗaiɗai. Muka sauka a Madinat Nasr, gidan babban ɗanmu da ke karatunsa na ƙarshe a nan, can sama inda in ka leƙa ƙasa motoci sai ka ce ƙwari. Tagogi a rufe saboda sanyi, labule a sake saboda maƙwabta, hita tana ja a lungu. Ni da na san garin nan da ƙafata tun ina yarinya, sai ga shi ina ganinsa ta tsagar labule.

Don ba wannan ne zuwana na farko ba. Amarya aka kawo ni unguwar Abbasiya, lalle bai gama fita a hannuna ba, Malam kuwa yana ɗalibi. Ɗakinmu ɗaya ne a kan soro, kusa da akurkin tantabarun mai gidan. Ban san Larabci ba, ban san biro ba, amma kunnena ya san unguwar kaf. Na san ƙarar taragon da ke bi ta tsakiyar titi yana kaɗa ƙararrawa, na san mai gas da ke buga tukunyarsa da ƙarfe, da mai sayen tsofaffin kaya da ke jan murya kamar wanda aka yi wa rasuwa. Da safe in zura kwando da igiya daga sama, mai ful ya zuba min wakensu a kwano, in janyo. In share soro, in hura risho, in wanke rigar Malam guda biyun nan in shanya, tantabaru su ɓata ɗaya, in sake wankewa. Ƙasa da mu akwai wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan da muke ce wa Gwaggo, ita ce uwar duk matan ɗalibai. In ta gan ni na yi tagumi sai ta ce, 'yar nan, tashi ki ci abinci tukuna, in kin ƙoshi kya ji daɗin yin kukan. Yanzu an ce taragon ya daɗe da mutuwa, an ɗora gada a kan gada, Gwaggo ma tana makwancinta, Allah ya ji ƙanta. Matan ɗalibai na yanzu ta waya suke sayen komai, a kawo musu har bakin ƙofa. Ban ce ba su huta ba. Amma na tambayi surukata Safiya sunan mai sayar musu da biredi, ta ce wallahi Inna ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Karatun addini aka turo Malam, kuma ya yi shi, kada wani ya ce bai yi ba. Sai dai a cikin haka ya sami ɗan aiki a wani gidan rediyo mai sashen Hausa, yana karanta labarai. Nan ya ga rikoda. Wata ƙatuwa ce mai jakar fata da maɗauri, nauyinta kamar goyon yaro. Tun da ya rataya ta a kafaɗa, zaman ɗaki ya fita a ransa. Ranar hutu wasu na muraja'a, wato bitar karatu, shi yana kasuwar raƙuma, ko bakin tafki can wajen gari, ko gindin dutse a cikin rairayi. Ya dawo da ƙafa fururu, ya kunna min, ya ce in faɗi abin da na ji. In ce raƙumi ne. Ya ce a'a, sake saurara, raƙumi ne da aka raba da 'yar'uwarsa. Yana da yadda yake aikinsa, wanda har ya tsufa bai sauya ba. In ya isa wuri ba ya tambayar kowa komai. Sai ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya kunna rikoda, ya yi shiru har mutane da tsuntsaye su manta da shi su koma harkarsu. Sai can ya fara tambaya, kuma tambayar farko kullum ita ce, me kuke ce wa wannan a nan?

Wata rana da sanyi ya fara sauka, ya ce in ɗauko mayafina. Muka shiga jirgin ruwa muka gangara inda kogin Nilu ke rabuwa biyu. Akwai masunta da ke zaune a cikin kwalekwale, nan suke girki, nan suke kwana, nan suke haihuwa. Ya je musu sau da yawa, mazan sun saba da shi, amma matan da sun hango shi sai su juya baya su yi gum. Shi ne dalilin kawo ni. Ya sauke rikodar ya rataya min, ya damƙa min makirufo, ya ce, ki shiga wancan kwalekwalen, ki zauna, kada ki ce komai.

Na ce, Malam, ni da ko kududdufi ban taɓa shiga ba?

Ya ce, ai ba iyo na ce ki yi ba. Zama na ce, kuma kin iya zama.

Na taka, kwalekwale ya yi gefe, na kurma ihu da Hausa ina kiran uwata. Matar da ke ciki ta cafke ni a damtse tana dariya har da hawaye. Na zauna kusa da rishonta, na riƙe makirufon nan da hannu biyu kamar za a ƙwace. Da farko kallona take. Can ta gaji, ta koma ga kifinta. Na ji mai yana ƙara a kasko, ruwa na marin katako, belbela na wucewa ƙasa-ƙasa, matar tana yi wa jaririnta wata 'yar waƙa ta hanci. Ban fahimci kalma ɗaya ba, amma na san waƙar lallashi ce, don duk duniya iri ɗaya ake yin ta. Da za mu tafi ta naɗe min kifi a cikin biredi. Ba a daɗe ba aka sa shirin a rediyo. Ina zaune a kan soro na ji ruwan nan da kaskon nan suna fitowa daga akwati, na san kuma ana jin su har garinmu. Hannuna ne ya riƙo su. Ranar na gane ni ma ina da abin da zan kai wa mutane.

Ai kuwa magana ta tashi a cikin ɗalibai. Shugabansu ya hau soro da kansa, da rawani, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, ustazu, an ga iyalinka a cikin kwalekwale, wannan bai dace da ɗalibin ilimi ba. Kafin Malam ya buɗe baki, Gwaggo ta ɗago kai daga matakala ta ce, kai ɗan nan, kakarka da ta zo hajji da ƙafa, a kan me ta ƙetare bahar, a kan rawaninka? Ya sauka bai ko sha shayi ba. Daga ranar suka sa wa Malam suna, wai malamin tsuntsaye. Shi kuwa ya ce sunan ya yi masa daɗi.

Da muka koma gida, dangi sun shirya masa buzu da zaure. Sai ya nufi rediyon jiha ya buɗe shirin daji. Ya bi maharba, ya kwana da masunta, ya hau duwatsun da mutanen gindinsu ma ba su taɓa hawa ba. Daga baya aka ɗauke shi a hukumar yawon buɗe ido ta jiha. An ba shi ofis da kujera mai juyawa, amma masinja ya fi shi zama a kanta. Yana can yana rigima a gyara hanyar gandun daji, a hana sare itatuwan bakin tafki, a kai yaran makaranta su ga ruwan da ke zubowa daga dutse a jiharsu kafin su gan shi a hoton wata ƙasa. Manya suna son a kawo Turawa, shi yana cewa a fara kawo 'yan gari. Wani abin an yi, da yawa ba a yi ba. An sha mayar da shi gefe, ya sha dawowa. Ni ce mai ajiyar kaset. Da zare nake gane su, ja na ruwa, baƙi na dutse, kore na daji, har suka yi yawa zare ya kasa. Shi ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci da goyo a bayana, ina zaune da sa'o'in ƙannena, don in iya rubuta sunan wuri a jikin kaset. Rubutun da kuke gani yanzu, can ya samo asali.

To wannan mutumin ne aka kawo aka ajiye a falo.

Babban ɗan namu ba mugu ba ne, kada a ji ni ba daidai ba. Shi ya yi ta fama har aka kawo uban nan, shi ke kai shi banɗaki, shi ke yanke masa farce. Sai dai a ganinsa girmamawa ita ce a sa wa Malam babbar riga, a naɗa masa hirami, a zaunar da shi a kujerar tsakiya, a kunna turare. Ɗalibai 'yan ƙasarmu kuwa ba su gajiya da dubiya. Bayan la'asar sai su cika falon, takalma jibge a bakin ƙofa, kowa ya durƙusa, sannu Baba, Allah ya sa kaffara ne, a yi mana addu'a Baba. Yara ne masu ladabi, Allah ya yi musu albarka. Amma ba mai yin shiru a cikinsu, ba mai buɗe taga. Daga asibiti sai falo, daga falo sai gado, a cikin tasi mai rufaffen gilashi. Malam ya fara rage cin abinci. Da farko rabin kwano, sannan cokali kaɗan, sannan in na kai masa sai ya tura da hannunsa mai lafiya. Idonsa na kan labule. Na san abin da ke damunsa kamar yadda na san yunwar cikina.

Matsalar ita ce, yaron ɗan fari ne. Mu a yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. Tun aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Na so shi daga nesa, na ajiye masa tsokar da ta fi kyau na ce wani ya kai masa. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Matan yanzu suna kiran na farinsu da suna har da ƙari, suna ɗaukar hoto kunci da kunci. Ban ga laifinsu ba, amma ni ba haka aka gina ni ba. Saboda haka duk abin da nake so, ta bakin Safiya nake aikawa, alhali yana zaune a ɗaki ɗaya da mu.

Na ce, Safiya, ki gaya wa mijinki a fitar da babansa ya sha rana.

Ta juya ta ce, ka ji abin da Inna ta ce.

Ya ce, ki ce mata ma'alish, ta yi haƙuri, likita ya ce a kiyaye masa sanyi. Sai bazara.

Na bari kwana biyu na sake aikawa. Ya ce a gaya min titin nan ba na keken marasa lafiya ba ne, masu mikrobas, ƙananan motocin hayar nan, ba su da imani, kuma mutane za su yi ta kallonsa yana zubar da yawu. Safiya baiwar Allah ta gaji da zama waya a tsakaninmu. Ta same ni a kicin ta ce, Inna, don Allah ku riƙa yi wa juna magana, ni kaina ya fara juyawa, jiya har na ce wa mai gas ma'alish sai bazara. Na yi dariya, amma ban iya yi masa magana ba.

Ranar da abin ya kai ni bango, wani sabon ɗalibi ne ya yi tambaya. Ina bayan labulen kicin ina zuba shayi, na ji ya ce, ustazu, Baba wane aiki ya yi? Sai na ji ɗana ya ce, ɗalibin ilimi ne, a nan ya yi karatu, daga baya ya ɗan taɓa aikin gwamnati. Shi ke nan. Daji da ruwa da dutse, da ƙafar da ta tsage, da maciji da ya sare shi a bakin tafki, duk an naɗe su a cikin ɗan taɓa aikin gwamnati. Na leƙa. Malam yana ta ƙoƙarin ɗaga hannu, bakinsa na motsi, kalmar ta ƙi fita. Ɗalibai suka ɗauka addu'a zai yi, suka ɗaga tafuka gaba ɗaya suna amin, amin. Ya sauke hannun. Ya juya fuskarsa bango, bai sake juyowa ba har suka watse. Kunun da na kai masa ko kallonsa bai yi ba.

Na ajiye kwanon. Ɗana yana tattara kofuna, Safiya tana naɗe darduma. Na tsaya a tsakiyar falon, inda ban taɓa tsayawa ba in yana ciki.

Na ce, Habibu.

Kofi ya kuɓuce masa ya faɗi a kan kafet. Ya waiga bayansa, wai ko da wani nake. Safiya ta dafe baki. Ni kaina sunan ya yi min baƙo a harshe, kamar na tauna abin da ban taɓa ci ba.

Ya ce, Inna? Ni?

Na ce, akwai wani Habibun a gidan nan? Zauna.

Ya zauna a ƙasa, mutum da gemunsa har da furfura. Ban ɗaga murya ba, ban iya ba ma. Na ce, babanka ɗan jarida ne. Na daji. Ya yi karatu, ya ga ayoyin da ke cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, shi kuma ya tashi ya tafi ya duba. Da wannan aikin aka ciyar da kai, da shi aka saya maka allo. In wani ya sake tambaya, haka za ka ce, ko ka kira ni in faɗa da kaina.

Ya sunkuyar da kai ya ce, Inna, ba kunyarsa nake ji ba. Yaran nan ba za su gane ba ne.

Na ce, ai ba a ba su sun kasa ba.

Sai ya ce, Inna, tsoro nake ji. In ya faɗi a titi fa? In sanyi ya shige shi? Ni na kawo shi ƙasar nan. In wani abu ya same shi a hannuna, me zan ce wa ƙannena?

Nan tausayinsa ya kama ni, don gaskiyarsa ce ta fito. Na so in dafa kansa, hannuna bai saba ba. Na ce, abin yana samunsa yanzu, a hannunka, a kan kujerar nan. Dubi wuyansa. Dubi kwanon can. Kana tsare shi daga titi, yana ƙarewa a falo. Mutumin da ya kwana a kan dutse, ba labule ne zai raya shi ba.

Ya ce, a bari in tambayi likita ranar da za mu koma.

Na ce, ka tambaya. Ni dai gobe zan fita da mijina.

Ya ce, Inna, ban yarda ba gaskiya.

Na ce, na ji. Ba izini na zo nema ba, sanar da kai na yi, don kada ka tashi ka ga babu mu ka firgita.

Safiya ta ce, khalas, shi ke nan, tunda yanzu kuna jin juna, ni na ajiye aiki. Ba wanda ya yi dariya sai Malam. Wani sauti ya yi ta gefen baki, fuskarsa na bango, amma na san dariyarsa ko a cikin kasuwa.

Washegari da rana ta hau, na cire masa babbar riga na sa masa tsohuwar rigar sanyinsa da hular ulu, na lulluɓe ƙafafunsa da bargo. Ni da Safiya muka ɗora shi a keke. Ƙofar ɗakin Habibu a rufe, na san kuma ba barci yake ba. Na tura keken cikin lif, muka sauka. Mai gadin gidan ya taso yana ta Larabci yana nuna sama, na ce masa tamam, tamam, wato lafiya lau, na wuce. Gefen titi duk motoci sun hau, dole na sauka kan kwalta. Mikrobas ta zo ta danna mana oda kamar za ta haɗiye mu, na ɗaga wa direban hannu, ya kauce yana faɗa. Iska ta bugi fuskar Malam, idonsa ya kawo ruwa, yawu ya zubo, na goge da bakin mayafina a gaban kowa. Wanda zai kalla ya kalla.

A kusurwar titi akwai mai ful da amalankensa, ma'aikata sun kewaye shi suna ci a tsaye. Malam ya damƙi tayar keken da hannunsa mai lafiya, muka tsaya. Ya daɗe yana kallon tukunyar tana tururi. Sannan ya nuna ta da haɓa. Aka zuba mana, na gutsuro biredi na dangwalo na kai bakinsa. Ya karɓa. Ya tauna a hankali, rabi na zubowa, ya haɗiye, ya sake buɗe baki.

Muna cikin haka na ji ƙarar silifa a bayana. Habibu ne, ba hula, da jallabiyar barci, yana haki, ya rungumo wani bargon. Ya tsaya yana kallon uban yana cin abinci. Da muka gama ya miƙo hannu zai kama keken, ya ce, Inna, kawo in tura.

Na ce, a'a. Riƙe bargonka ka biyo mu.

Na tambayi Malam, dama ko hagu? Ya nuna hagu, inda rana ta fi yawa. Na tura.